Ba yaƙi ne ya cinye Armeniyawa ba

Da an ambaci kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa, amsa biyu ce a bakin masu sharhinmu: ko su ce ƙagen Turawa ne don a ɓata sunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ko su ce ai lokacin yaƙi ne, kowa ya rasa nasa. Tun da finafinan Turkiyya suka cika wayoyinmu da fassarar Hausa, wasu sun mai da Istanbul gidan kakanninsu, ba a taɓa ta.

To, yaƙi da Rasha a gabas aka gwabza shi, wajen Erzurum da Van. Me ya kai korar Armeniyawa har Ankara da Bursa da Izmit, ɗaruruwan kilomita daga bakin daga? Ran 24 ga Afrilun 1915 aka bi gida-gida a Istanbul aka kwashe marubuta da likitoci da limaman coci sama da 200, akasarinsu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Bayan wata guda dokar kora ta fito. A kan ware maza a kashe a bayan gari, a tasa ƙeyar mata da yara a ƙasa zuwa hamadar Deir ez-Zor ta Siriya. Waɗanda suka mutu sun kai miliyan ɗaya, wasu masana na cewa miliyan ɗaya da rabi. Sai kuma dokar "dukiyar da aka bari": kwamitoci suka rubuta gida da gona da shago suka raba. Wanda ake sa ran zai dawo bayan yaƙi, ana raba gonarsa?

Gaskiya ne wasu Armeniyawa sun bi bayan Rasha, gaskiya ne kuma an kori Musulmi an karkashe su a yankin Balkan da Kaukasus. Amma tsohuwar Bursa da jikanta ba su taɓa ganin sojan Rasha ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu musun suna ganin kare Musulunci suke yi. Talat da Enver da Jamal, masu riƙe da ragamar daular a lokacin, 'yan kishin ƙabilar Turkawa ne, ƙungiyarsu ce ta tuɓe Sarki Abdulhamid a 1909 (shi ma ɗin hannunsa da jinin kisan 1894 zuwa 1896). Musulmin wancan zamani ba su jira Bature ya gaya musu ba. Jalal Bey, gwamnan Halab, ya ƙi bin umarnin kora aka ɗauke shi zuwa Konya, can ma ya ƙi. Husaini Nesimi, hakimin Lice, ya ƙi, aka kashe shi a hanya. Sharifin Makka Husaini bin Ali ya rubuta wa shugabannin Larabawa cewa su kare waɗanda suka tsira. A 1919 kotun soja ta daular kanta ta yanke wa Talat da Enver da Jamal hukuncin kisa a bayan idonsu, ta kuma rataye Kemal Bey, hakimin Bogazliyan. Su ma karnukan farautar Turawa ne?

Cewa Amurka munafuka ce, ban musa ba. Sai a 2021 shugabanta ya amince da abin da sunansa a hukumance. Amma mugun halin mai ba da shaida ba ya ta da gawa.

Yau daga Yerevan, babban birnin Armeniya, ana hangen dutsen Ararat, yana cikin Turkiyya. Cocin Armeniyawa na Akdamar da ke tafkin Van ya zama gidan tarihi, sau ɗaya a shekara ake barin ibada. Ɗan jarida Hrant Dink, da ya yi ta maganar nan cikin lalama, an harbe shi a ƙofar ofishinsa a Istanbul a 2007. A Satumban 2023, bayan Azerbaijan ta toshe hanyar Lachin mai zuwa Armeniya wata tara, Armeniyawa sama da 100,000 suka fice daga Nagorno-Karabakh cikin mako guda. Mu da muke kuka da korar Falasɗinawa ta 1948, kuma da gaskiyarmu, ban ji mun ce uffan ba.