Rigar Fata: Saye Ba Wuya, Riƙo Shi Ne Aiki

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kama a watan Disamba, sai ka ga rigunan fata sun fito, waɗanda samari ke kira jaket. A garuruwa masu sanyi irin su Jos da Pankshin, ɗalibai da masu babur, har da mu malamai, kowa yana neman tasa a gwanjo. Amma kafin wani hunturun ya zagayo, da yawa sun tsattsage a kafaɗa ko sun yi fumfuna a cikin akwati. Sai ka ji ana cewa ɗan kasuwa ya yi cuta. A ganina, sau da yawa laifin na mai riga ne. Wanda bai shirya kula da rigar fata ba, gara ya sayi suwaita ya bar wa iyayensa sauran kuɗin.

Mu tuna cewa ba don gayu aka fara ɗinka wannan riga ba. A 1928 kamfanin Schott na birnin New York a Amurka ya fito da jaket ɗin fata domin masu hawa babur, a 1931 kuma sojan Amurka suka tsayar da irin tasu domin matuƙa jirgin sama. Abin da suke nema shi ne tufar da za ta tare iska, ta kuma jure wahala shekara da shekaru. To, idan rigar da aka yi domin ta daɗe ta mutu a hannunmu cikin shekara guda, ai da sake.

Mu kuma bai kamata a ce mun jahilci fata ba. Bature Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin cinikin takalma da jemammun fatun da ake fitarwa daga birnin. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Majemanmu suna cire gashi da toka, su jiƙa fata a ruwan bagaruwa don kada ta ruɓe, sa'an nan su shafe ta da mai su murza har ta yi laushi. Wannan mai shi ne ran fata. Muddin yana ciki, tana lanƙwasuwa ba ta karyewa. In ya fita sai ta bushe ta tsage, kuma tsagewar fata ba ta da magani. Saboda haka duk kulawar ta taru a kan abu biyu: kada mai ya fita, kada laima ta zauna.

Da farko, kada ka wanke rigar fata a bokiti da omo kamar rigar makaranta, domin sabulu yana kwashe man. Ka goge ƙura da busasshen tsumma mai laushi. In akwai datti, ka ɗan jiƙa tsumman ka matse shi sosai.

Na biyu, idan ruwan sama ya dake ta, ka rataye ta a inuwa inda iska ke wucewa. Kada ka shanya ta a rana, kada ka kai ta bakin murhu, kada kuma dutsen guga ya taɓa ta. Zafi yana sa ta ƙanƙance ta yi tauri.

Na uku, ka shafa mata mai sau biyu a shekara, kafin hunturu da bayansa. In ba ka sami man fata na kanti ba, man kaɗanya kaɗan a kan tsumma ya isa. Amma ka fara gwadawa ta ciki, inda ido ba ya gani, gama yakan sa launi ya yi duhu. Man takalmi ba na riga ba ne, zai ɓata maka farar taguwa. Fata mai gashi-gashi kamar karammiski kuwa ba ta son mai ko kaɗan, buroshi kawai take bukata.

Na huɗu, wajen ajiya ka sa ta a maratayi mai faɗi, ba a kan ƙusa ba. Kada ka ƙulle ta cikin leda da damina, nan ne fumfuna ke samun gida. Ka riƙa fito da ita tana shan iska.

Na biyar, in zif ya lalace ko ɗinki ya warware, ka kai wa baduku tun ɓarnar tana ƙarama. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma abin lura tun a kasuwa. Ba duk abin da ke sheƙi ne fata ba. Wasu rigunan yadi ne aka shafe da roba, kuma komai kulawarka za su saɓule. Ka duba bakin ɗinki: in ka ga zare-zaren yadi a bayan, ba fata ba ce. Araha ba ta ado.

Wani zai ce, "Malam, kayan gwanjo ne, in ta lalace sai in sayi wata." Ina tambayarsa: da kuɗin wa? Yawancinku guminku bai taɓa sayen ko maɓalli ba. Akwai uwar da ta sayar da buhun masara kafin ɗanta ya sa wannan riga. Minti goma da ɗan man kaɗanya ba su kai wannan wahala ba. Ban da haka, hannun da ya saba jefar da riga a ƙarƙashin gado, shi ne zai bar littafin laburare a ruwa, gobe kuma a ba shi kayan ofis ko na asibiti ya yi musu haka nan.

Ya ku ɗalibai, musamman 'yan aji shida masu barinmu bana, kada ku auna kanku da yawan sababbin kayan da kuka saya. Rigar fata da takalmi da jaka da ɗamara, in an riƙe su da kyau, ƙane yakan gaje su daga wansa. Kafin ku ɗaure akwati zuwa hutu, kowa ya fito da tasa ya duba ta.