Kufai daga sama ake karanta shi: lokaci ya yi da za a ɗauki ganuwar Kano da jirgi marar matuƙi

Ranar 17 ga Disamba 1903 jirgin 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, ya tashi a Kitty Hawk ta Amurka. Daƙiƙa 12 ya yi a sama, ya ci tazarar kusan mita 37. Shekara uku bayan haka, a 1906, wani hafsan sojan Ingila mai suna Philip Sharpe ya hau balan-balan ya ɗauki hoton Stonehenge, tsoffin duwatsun nan da aka jera a da'ira. Tun daga lokacin masu binciken tarihi suka gane cewa wanda ke sama yana ganin abin da mai yawo cikin kufai da ƙafa ba ya gani.

Dalilin a fili yake. Idan rana ta yi ƙasa, da hantsi ko da la'asar sakaliya, ɗan tudun da bai kai tsayin gwiwa ba yakan yi doguwar inuwa, sai layin tsohuwar katanga ya fito. Amfanin gona ma yana tona asiri: shukar da ke kan tsohon ramin da ya cike takan fi tsayi da kore saboda danshi, wadda ke kan ginin da ƙasa ta binne kuwa takan tsumbure. Da wannan dabara O.G.S. Crawford ya yi shawagi a kudancin Ingila a 1924, shi da Alexander Keiller, suka gano tsoffin gonaki da garuruwa.

Labarin da ya fi dacewa a yi nazari a kai shi ne na Antoine Poidebard, wani limamin coci Bafaranshe da ya riƙa shawagi a hamadar Siriya tun daga shekarun 1920. Ya lissafa sansanonin sojan Rumawa 116. A 2023 wasu masu bincike suka koma kan hotunan tauraron ɗan'adam na leƙen asirin Amurka na zamanin yaƙin cacar baka, suka gano wasu sansanoni 396 da ba a san da su ba. Amma daga cikin 116 na Poidebard, 38 kaɗai suka iya tabbatarwa. Wasu noma da gine-gine sun cinye su, wasu kuma taswirarsa ba ta nuna ainihin wurinsu ba. Darasi biyu ke nan: kufai ba ya jiran mai ziyara, kuma hoton da ba a rubuta inda aka ɗauke shi ba rabin aiki ne.

Kano tana da hannu a tarihin farkon jiragen sama. A Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila guda uku samfurin DH.9A, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Matuƙansu sun iske birni kewaye da ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Yau da yawa daga cikinta ta zube, an ɗebi ƙasarta, an yi gini a kanta, wasu ƙofofin kuma an rushe su don faɗaɗa titi aka sake gina su da siminti. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Najeriya ke nema wa shiga kundin tarihin duniya na UNESCO, tare da kufan Surame, birnin Kanta na Kabi. Kasancewa cikin jerin bai hana damina ɗaya zaizayar ginin laka ba.

Abin da a da sai soja da jirgi ke iya yi, yau ɗalibi na iya yi da ƙaramin jirgi marar matuƙi irin DJI Mini, wanda nauyinsa bai kai giram 250 ba. Ana ɗaukar hotuna ɗaruruwa, kowane ya hau kan na kusa da shi da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Manhajar kyauta irin OpenDroneMap ko Meshroom za ta nemo wuraren da hotunan suka yi tarayya, ta lissafa nisa da tsayi, ta fitar da taswira da siffar ginin ta kowace fuska. Kowane hoto yana ɗauke da lambar GPS, abin da Poidebard bai samu ba. Amfanin irin wannan ajiya ya bayyana a Faransa: da majami'ar Notre-Dame ta ƙone a Afrilu 2019, awon da Andrew Tallon ya yi mata da hasken lesa shekaru kafin gobarar yana cikin abin da masu gyara suka duba.

Masu adawa da shawagin waɗannan jirage suna da hujja. Tsakar gidan Bahaushe a buɗe take ta sama, babu magidancin da zai yarda kyamara ta leƙa iyalinsa. Ga kuma matsalar tsaro, wadda ta sa ake neman izinin hukumar NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kafin a tashi jirgin. Maganin wannan tsari ne: a nemi izini, a sanar da mai unguwa, a bi layin badala kaɗai, a goge duk hoton da ya kama cikin gida kafin a sa shi a intanet.

Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato su ne suka fi cancanta su ja ragamar aikin, matasa masu ilimin kwamfuta su ɗauki nauyin haɗa hotunan. A ajiye sakamakon a buɗe, inda kowa zai iya saukewa, a kuma maimaita ɗaukar duk bayan damina don a ga abin da ya ragu. Duk sashen ganuwar da ya zube kafin a auna shi, masu gyaran gobe sai dai su yi ta zato.