A Sake Haɗa Tsofaffin Mawaƙan Ƙonni

A shekarar 2021 mawaƙan nan Robert Plant na Ingila da Alison Krauss ta Amurka suka sake haɗuwa, suka fitar da faifan Raise the Roof, shekara 14 bayan Raising Sand. A Ƙonni, Malbaza da Illela ma akwai tsofaffin mawaƙa da ƴan amshinsu waɗanda neman abinci ya raba. A bakinsu ake jin "shina" da "hwaɗi", inda finafinan Kano ke koya wa matasa "yana" da "faɗi". Gaban baƙo dattijo kan gyara harshe, gaban tsohon aboki kuwa yakan sake. Don haka ya kamata ɗaliban kimiyyar harshe su haɗa su, su naɗi waƙarsu da hirarsu, tun suna raye.