Miya Ɗaya, Kwano Ɗaya

A shekarar 2016 wani malamin girki ɗan ƙasar Japan mai suna Doi Yoshiharu ya fitar da littafin da ba irinsa aka zata daga gare shi ba. An haife shi a Osaka a 1957, girki gadonsa ne don mahaifinsa Doi Masaru sanannen malamin girki ne, shi kuma ya je Suwizalan da Faransa ya ƙaro sani, ya dawo ya shafe shekaru yana koyarwa a talabijin. Wanda ya yi wannan nisa, kowa zai ɗauka sabbin girke-girke masu wuya zai kawo. Sai ga shi yana kiran mutane su rage. Shawararsa ita ce abin da Japanawa ke kira ichiju issai, wato miya ɗaya da mahaɗi ɗaya: shinkafa, da kwanon miyar miso (tsumammen waken suya), da ɗan kayan lambun da aka tsuma a gishiri. Idan ma miyar ta cika da kaya, ita kanta ta zama mahaɗin.

Tsarin ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Abincin masu ibada ne a gidajen bautar Zen tun ɗaruruwan shekaru, kuma abincin talaka ne. An san Uesugi Yozan, wanda ya hau sarautar yankin Yonezawa na Japan a 1767 ya tarar da baitulmali cikin bashi, da cewa ya mai da abincin kansa miya ɗaya da mahaɗi ɗaya kafin ya nemi talakawansa su tsuke bakin aljihu. Amma a Japan ta zamani abin da ake ɗauka cikakken abinci shi ne miya ɗaya da mahaɗi uku, kuma wannan siffar ce duniya ta fi sani, musamman bayan UNESCO ta sa abincin gargajiyar Japan cikin kayan gadon duniya a 2013. Matar da ta dawo daga aiki a gajiye tana jin ta gaza idan ba ta jera kwanuka biyar ba. Wanda ke zaune shi kaɗai kuwa, da ya tuna wahalar sai ya haƙura, ya biya kantin unguwa da ba ya rufewa dare da rana, ya sayi abincin kwali. Kuma irinsa ba kaɗan ba ne: ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 38 cikin ɗari na gidajen Japan mutum ɗaya ne a ciki.

Abin ya taɓa ni ne don na san wannan haƙurar. Lokacin da aiki ya raba ni da gida na kama ɗaki ɗaya a wani gari, girkin da na sani shi ne wanda na taso ina gani a tsakar gidanmu, inda ake auna shinkafa da kwano ana ɗora tukunyar da za ta ciyar da mutum goma sha. Ranar Lahadi ta farko na yi dafa-duka yadda na ga ana yi. Na ci da rana, na ci da dare, na ɗumama da safe. Ranar Talata da na dawo daga aiki na buɗe murfin, tsami ya bugi hancina, shinkafar ta yi yauƙi tana jan zare. Na tsaya da tukunyar a hannu ina lissafin man da na zuba da naman da na saya, ina kuma tuna yadda aka hore mu cewa ba a zubar da abinci. Daga ranar na kife tukunyar na koma teburin mai shayi. Wata da watanni abincin darena shayi da burodi ne, ko taliya da ƙwai. Kuɗi na tafiya, ciki na ƙugi kafin azahar, kuma sai in yi mako ban ga ɗanyen ganye a gabana ba.

Ba ni kaɗai ba ne. Ɗalibi a ɗakin kwanan makaranta, mai hidimar ƙasa da aka tura wata jiha, ɗan ci-rani a Legas ko Akara, bazawarar da ta kama ɗakinta, tsohon da 'ya'ya suka watse: duk mun gaji girkin taro, ba wanda ya koya mana girkin mutum ɗaya.

Abu na farko da na ɗauka daga Doi shi ne ma'auni. Kwanon da za ka ci a ciki, shi ne mudunka. Ka yanka abin da kake da shi har ya cika kwanon, ka juye a ƙaramar tukunya, ka auna ruwa da kwanon nan, ka zuba, ka ɗora. Idan ya nuna ka narkar da miso kamar cokali ɗaya. Ko ruwan tushen miya da ake dafawa daban da ganyen teku da busasshen kifi, wanda masu girkin Japan ke ɗauka kamar farilla, ya ce ba dole ba ne, don kayan da ke cikin tukunyar za su ba ruwan ɗanɗano. Ragowar kabeji, guntun kabewa, ƙwai ɗaya, abin da ya kwana, duk suna shiga. Hikimar a nan ita ce abin da ya fito daga kwano kwanon zai koma, ba rara, ba abin da zai jira ka ya lalace.

Na biyu ya fi zurfi. Japanawa suna da kalmomi biyu, hare da ke. Hare ranar biki ce, ke kuwa ranar yau da kullum. Doi ya ce kuskuren zamani shi ne an ɗauko girkin biki an ɗora wa kowace rana, har mutane suka ɗauka duk abincin da bai burge ba bai cancanci a dafa shi ba. Mu ma haka muke. Duba hotunan girkin da ke yawo a wayoyinmu: soyayyar shinkafa, kaza, kwanuka jere kamar ranar Sallah. Mai kallo da ke zaune shi kaɗai sai ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Alhali iyayenmu sun rayu a kan tuwo da miyar kuka kusan kullum, ba su gundura ba, don abincin yau da kullum ba burgewa ake nema a cikinsa ba. Jiki ya karɓa, rai ya kwanta, gobe a sake.

Inda na fi jin kusancin shi ne wajen miso. Waken suya ne ake dafawa, a kirɓa, a haɗa da gishiri da shinkafar da aka tsuma, a rufe watanni har ya nuna. Shi ke ɗauke wa mai girki nauyin ɗanɗano. Da na fahimci haka sai na ga ai muna da ɗan'uwansa a madafinmu. Daddawa ma kalwa ce aka dafa aka rufe kwanaki ta tsumu, akwai ta waken suya, akwai daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa. Aikinsu ɗaya: ɗan kaɗan ya mai da ruwa da ganye miya. Kuma daddawa ba ta neman firji.

Wannan magana ta firji ita ce inda hanyarmu da tasu ta rabu. Ɗan Japan yana dafa shinkafa da yawa, ya ƙulla ta kashi-kashi ya daskarar, kullum ya ɗauki ɗaya ya ɗumama. Wanda wutarsa ke zuwa ta ɗauke ba zai dogara da wannan ba. Sai dai rana ta riga ta yi mana aikin. Kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, busasshen zogale, karkashi, garin ƙuli-ƙuli, banda da ƙananan busassun kifi, duk suna zama a gwangwani makonni ba abin da ya same su. Ɗanyen kaya kuwa, kasuwarmu ta fi babban kanti dacewa da mutum ɗaya, don mai kayan miya zai sayar maka kashi ɗaya na tumatir, ya yanka maka kabewa daidai kuɗinka, har ya ɗora gyara.

Akwai kuma abin da ban ɗauko ba. Abincin Japan gishiri ya yi masa yawa. Matsakaicin abin da babba ke ci a can ya kai kusan giram 10 a rana, ninki biyu na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wato ƙasa da giram 5, kuma miso da kayan tsumi suna cikin masu laifin. Namu gishirin a magi yake ɓoye. Mai girkin kwano ɗaya da ya jefa dunƙule biyu ya kuma ƙara gishiri ya ci rabon iyali shi kaɗai, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Idan daddawa da kifi da albasa sun shiga, rabin dunƙule ya isa, wata rana ma ba a bukatarsa.

Abin da na fi yaba wa tsarin shi ne ya juya yadda muke raba kwano. Mun saba da tulin tuwo ko shinkafa da ɗan miya a gefe. A nan miyar ce babba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari a rana, kuma kwano biyu na miya mai kauri da ganye, da lemo ko gwaiba ɗaya, suna kai mutum kusa da nan ba tare da ya yi lissafi ba.

Yanzu da safe kafin in fita nakan jiƙa wake cikin hannu ɗaya, don jiƙaƙƙen wake ba ya cin gas. Da magariba in tsaya wajen mai kayan miya.

"Yallaɓai, yau ma kashi ɗaya?"

"Kashi ɗaya, Baba, da alayyahu ɗauri guda."

Bayan sallar isha'i in ɗora shinkafa gwangwanin madara ɗaya tare da waken. Kafin su tsotse na cika kwanona da rabin albasa, tumatir biyu, attaruhu ɗaya, yankan kabewa da alayyahun. In soya albasar a cokali ɗaya na man gyaɗa, in juye sauran, in murmusa daddawa da ɗan kifi, in zuba ruwa, ganyen a ƙarshe don kada ya mutu. Ranar da ba shinkafa sai dankali, ranar da zafi ya yi yawa sai kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Wanke-wankena tukunya biyu ƙanana da kwano ɗaya, kuma babbar tukunyar nan na kai ta gida, inda ake da bakunan da za su cinye abin da ta dafa.