Waiwaye: Kwalin da Muke Yarwa

A ƙarshen shekarar 2008 aka fara kwasar jarirai zuwa asibitocin Legas da Zariya, fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta daina aiki. Da aka bi diddigi, sai aka tarar an ba su My Pikin, maganin ruwa na fitowar haƙori, wanda wani sinadari mai guba irin na ruwan sanyaya inji ya gurɓata. Yara 84 suka rasu. Iyayen ba su da laifi, domin babu inda aka rubuta guba a jikin kwalbar. Amma da hukumar NAFDAC ta tashi janye maganin daga kasuwa, sunansa da lambar rukunin da ke jikin kwali ne suka nuna inda za a bi.

Irin wannan kwalin shi muke yarwa a nan garinmu Araba tun kafin mu isa gida. Wani lokacin ma ba mu gan shi ba. Mutum ya tsaya gaban mai kemis ko mai talla a tire, ya ce, "Malam, haɗa mini na zazzaɓi." A ɓallo fara biyu, ja ɗaya, rawaya ɗaya, a ƙulle a leda. Idan jiki ya rikice cikin dare aka kai shi asibitin Illela, likita ya tambayi abin da ya sha, amsar ita ce "wata 'yar ja". Da me likitan zai yi aiki?

Zaman iyaka ya ƙara mana wani nauyi. Maganinmu na zuwa da Ingilishi daga Sakkwato, yana zuwa da Faransanci daga Ƙonni. Uwa ta ba yaro Panadol, zafi bai sauka ba, maƙwabciya ta miƙo Doliprane ta ce na Nijar ya fi ƙarfi. Duka biyun farasitamol ne, sunan yana nan da ƙananan haruffa a ƙasan babban. Yaro ya sha ninki ke nan, kuma hanta ce ke ɗaukar dukan, sau da yawa ba a ganin alamar sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Babba ma bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, na yaro kuwa da nauyinsa ake aunawa, ba da cokalin shayi ba.

Na san da yawa cikinmu ba su yi boko ba, amma ba na ganin wannan ya rufe ƙofa. Lambobi iri ɗaya ne a harsunan biyu. Duk ɗan firamare zai iya gano haruffan EXP ya karanto wata da shekarar lalacewa. Mai kemis kuma haƙƙinmu ne a kansa ya faɗi sunan kowace ƙwaya, ya rubuta sau nawa za a sha. Idan ya ƙi, a karɓi kuɗi a yi gaba.