Shirin Yaƙi Ya Wuce Sayen Makamai

A duk ƙarshen shekara, manomin Garbadu da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara yakan ji a rediyo cewa an ƙara wa tsaro kaso a kasafin kuɗin ƙasa. A watan Disamban 2024, alal misali, Shugaba Bola Tinubu ya gabatar wa majalisa kasafin da ya ware wa tsaro naira tiriliyan 4.91, fiye da abin da ya ware wa ilimi ko lafiya. Sai dai abin da ya dami manomin shi ne ko zai je gonarsa ta nesa da damina ya dawo lafiya. Amsar wannan tambaya ba ta rataya ga yawan makaman da aka sayo kaɗai ba.

Babu mai musun cewa soja na bukatar makami. A watan Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi a sararin Zamfara, don haka ba abokan gaba ba ne da za a tunkara da sanda. Amma a dubi abin da ya faru a wannan shekarar. Nijeriya ta biya Amurka dala miliyan 496 a 2018 don sayen jiragen Super Tucano 12, kuma shida na farko sun iso a watan Yulin 2021. A watan Fabrairu, kafin isowarsu, an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, wadda ke ƙaramar hukuma ɗaya da Garbadu. Bayan isowarsu kuwa, an sace ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, sannan ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun ranar 1 ga Satumba. Jirgi ba ya gadin ƙofar makaranta. Wannan aikin mutane ne da ke kusa, waɗanda labari ya iske da wuri, kuma suke da hanyar isa wurin cikin lokaci.

Tarihin wannan yanki ya daɗe da koyar da haka. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya fito da dawaki masu lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa galibinsu 'yan baka ne masu tafiya a ƙasa, amma su suka yi nasara. A 1805 ƙarancin abinci ya sa jama'ar suka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara, kuma neman abincin ya haddasa saɓani tsakaninsu da wasu garuruwan Zamfara. Ashe tun wancan zamani guzuri da yardar mutanen ƙasa suna cikin kayan yaƙi.

Saboda haka, akwai abubuwa huɗu da ya kamata masu tsara kasafin tsaro su ba su muhimmanci. Na farko shi ne sojan kansa: horonsa, da alawus ɗinsa a kan kari, da maganinsa idan ya ji rauni, da hutun ganin iyalinsa, da haƙƙin magadansa idan ya kwanta dama. Na biyu shi ne kula da abin da aka sayo. Wanda ya sayi doki bai tanadi ingirici da dawa ba, asara ya saya. Haka motar sulken da babu mai da kayan gyara da makaniki. Na uku shi ne hanya da sadarwa. Ƙauyukan da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun da yawansu mota ba ta kai musu da damina, alhali babur ɗin ɗan bindiga yana ratsa kowace burtali. Gada guda ko turken waya guda na iya rage wa soja tafiyar sa'o'i.

Na huɗu, wanda ya fi sauran wuyar samu, shi ne sahihin labari. Mutanen ƙauye sun san daji da mashaya da baƙuwar fuska, amma ba za su buɗe baki ba sai sun tabbata asirinsu zai rufu, kuma mai saurarensu yana jin harshensu. Rundunar sojan ƙasa ta gane haka a 2017, lokacin da ta umarci jami'anta su koyi Hausa da Yarabanci da Ibo. A Zamfara, ya dace a haɗa da Fulatanci. Inda labari ya gurɓata, makamin zamani kan faɗa wa marar laifi, kamar yadda jirgi marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi fiye da 80 a Tudun Biri ta jihar Kaduna a watan Disamban 2023. Kowane kuskure irin wannan yana rufe bakin mutanen da da su za a dogara.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. An sha sauya wa rundunonin yankin suna, daga Harbin Kunama a 2016 zuwa Hadarin Daji da Fansan Yamma, sai dai ma'aunin nasara bai sauya ba: manomi ya girbe abin da ya shuka, yaro ya kwana a makaranta. Ya kamata majalisa ta riƙa tambayar motoci nawa ke tashi daga cikin waɗanda aka sayo, da minti nawa ake ɗauka kafin a kai ɗauki. Malamin da za a tura Garbadu ko Jangebe shi ma yana da nasa rabo, domin wajibi ne ya san wanda zai kira da dare, ya kuma tsara da iyayen yara inda ɗalibai za su nufa idan aka ji harbi.