Sharhi: Matsin jini a cikin tiyo, haɗarin da ke fake a ɗakin tiyatar zuciya

Yayin da asibitocin Najeriya ke ƙara yin tiyatar zuciya a gida, hankali ya fi karkata ga likitan da ke riƙe da wuƙa. Sai dai a lokacin da aka tsayar da zuciya, ran majiyyaci yana hannun wata na'ura ce da ke janye jini daga jiki, ta sa masa iskar oksijin, ta mayar da shi.

Likita John Gibbon ne ya fara samun nasarar aiki da ita a Filadelfiya ta Amurka a 1953. A Najeriya kuwa, an fara irin wannan tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu a 1974.

Famfon da ke tura jinin iri biyu ne. Na farko yana da 'yan ƙafafu masu juyawa suna matse tiyo, kuma ba ya fasa turawa ko da hanya ta toshe. Idan tiyon ya lanƙwashe, ko aka manta da maƙalli a kansa, matsi zai yi ta hauhawa har mahaɗa ta ɓalle ko tiyon ya fashe. Na biyu yana juyi kamar farfela, matsinsa kuma yana da iyaka, amma idan ya tsaya jini na iya komawa da baya, ya zuƙo iska.

A jikin majiyyaci, akan riƙe matsi tsakanin 50 da 80 a ma'aunin da ake auna hawan jini. A cikin tiyon da ke shiga babbar jijiya kuwa, asibitoci da dama kan saita ƙararrawa a kusan 300. Tashin matsi farat ɗaya na iya nuna cewa bakin bututun ya tsaga bangon jijiyar, lamarin da kan yi kisa cikin mintoci. Haka nan zuƙar da ta yi yawa tana fasa ƙwayoyin jini, kumfar iska kuma na iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Saboda haka ake haɗa na'urar da ma'aunin matsi mai tsayar da famfo da kansa, da mai gano kumfa, da batir, da hannun juyawa idan wuta ta ɗauke. Amma waɗannan ba sa amfani sai an kunna su, an saita iyakarsu, an kuma gwada su kafin a fara aiki.

A nan ne ƙalubalen Najeriya yake. Ƙwararrun da ke sarrafa na'urar ba su da yawa, daga waje ake shigo da tiyo da kayan gyara, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Sayen na'ura kaɗai bai wadatar ba. Wajibi ne kasafin asibiti ya ƙunshi horar da ma'aikata, gyara a kan kari da wutar ko-ta-kwana. Ya kuma kamata hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya su tabbatar ana rubuta duk wata tangarɗa da aka samu, domin sauran asibitoci su kauce mata.